Rawar Inji a Silo da Wutar Cek: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Kafin a Sayi Kaya

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa take ci, ya san wani salo da direbobi ke yi idan an zo inda dole a tsaya. Ƙafar hagu tana kan kuloci, ta dama kuma tana raba kanta biyu, yatsu a kan birki, diddige a kan totur, domin direban ya san cewa da zarar ya saki totur gaba ɗaya injin zai yi kakari ya mutu. A bayan sitiyari kuwa akwai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda ake kira wutar cek, tana nan kunne tun bara, wani ma ya liƙe ta da baƙin salatif don kada ta riƙa tsone masa ido. Idan aka tambaya, amsar ba ta wuce cewa motar ba ta da silo, wutar kuma haka aka sayo motar da ita.

Silo shi ne juyin da inji yake yi da kansa alhali ba a taka totur ba. A yawancin ƙananan motocin fetur, idan inji ya ɗau zafi, allurar da ke nuna juyinsa takan zauna tsakanin 600 da 850 a minti ɗaya. Da sassafe, musamman a lokacin hunturu, tana iya hawa 1,200 ko fiye na 'yan mintuna sannan ta sauko a hankali, kuma wannan hawan lafiya ce, bai kamata a taɓa komai saboda shi ba. Abin da ke nuna matsala shi ne allura ta riƙa hawa da sauka ba tare da dalili ba, ko ta maƙale a sama bayan an yi doguwar tafiya, ko injin ya riƙa jijjiga motar, ko ya mutu da zarar an kunna esi ko an murɗa sitiyari.

Dalilin da ya sa ƙananan matsaloli suka fi bayyana a silo yana da sauƙin fahimta. Injin fetur yana buƙatar iska da mai a kan wani ma'auni, wato kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi, sannan tartsatsin fulogi ya zo a daidai lokacinsa. A silo ƙofar iska, wadda totur ke buɗewa, kusan a rufe take, abin da ke shiga injin ɗan kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ko 'yar iskar da ta sato hanya ta wata tsaga sai ta zama babban kaso na abin da ya shiga. Cokalin gishiri guda ba a jin sa a tukunyar biki, amma a ƙaramin kwano yana ɓata miya. Shi ya sa mota za ta iya gudu lafiya lau a kan titin Kano zuwa Haɗejia, amma ta kasa tsayawa da ƙafarta a bakin tasha.

In ban da tsofaffin motoci masu kafireto, ba bakanike ne ke saita wannan ma'auni da sukudireba ba. Ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ce ke karɓar labari daga na'urorin ji da ake kira sansa: ɗaya yana auna iskar da ta shiga, ɗaya zafin ruwan inji, ɗaya juyin inji, wani kuma yana cikin salansa yana auna oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi. Da waɗannan take yanke yawan man da nozul zai fesa. Idan wani labari ya saɓa wa abin da take tsammani, sai ta ajiye lamba a cikinta ta kunna wutar cek. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta kasance da wannan tsari mai suna OBD-II, Turai kuma ta wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, shi ya sa kusan duk motar da aka ƙera bayan nan take da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar bincike. Manufar dokar tun asali ita ce rage hayaƙi mai gurɓata iska, don haka wutar tana iya kamawa saboda abu ƙarami kamar murfin tankin mai da bai rufu da kyau ba, kamar yadda take kamawa saboda abin da zai iya kashe inji. Tsofaffin motocin Turai da suka girmi 2001, irin su Golf 3 da har yau ke jigilar mutane da buhunan hatsi a hanyoyinmu, ba kowace kwamfuta ce ke jin yarensu ba, sai wadda aka yi domin kamfanin.

Yadda wutar ta kama ma labari ne. Idan ta tsaya cak, kuma motar tana tafiya yadda ta saba, ana iya ƙarasawa gida a nemi bincike cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa tana ƙiftawa, ma'anarta wata silinda tana misin sosai, ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa yana ƙonewa a can, kuma zafin zai iya narkar da matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi saboda kamannin cikinta. A irin wannan hali sai a sassauta totur a nemi wurin tsayawa. Kada kuma a haɗa ta da jajayen wutar nan biyu, ta baƙin mai da ta zafin ruwa, domin su idan suka kama ana kashe inji ne nan take, ko da a tsakiyar daji ne.

Babban kuskuren da ake yi, wanda a ganina ya fi kowane cin kuɗin masu mota a ƙauyukanmu, shi ne ɗaukar lambar da kwamfuta ta nuna a matsayin sunan kayan da za a saya. Lambar tana faɗin abin da ƙwaƙwalwa ta gani ne kawai, musabbabin kuwa sai an bi sawu. Harafin P da ke farkonta yana nufin ɓangaren inji da giya, sifilin da ke biye da shi kuma yana nufin ma'anar lambar ɗaya ce a kowace irin mota. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, P0172 akasin haka, P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0506 silo ya yi ƙasa, P0507 ya yi sama. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a sayi sansa.

Na ga wannan da idona a kan Corolla ta wani malamin makaranta, maƙwabcina, wadda ta yi wata biyu tana rawa a silo tana nuna P0171. Bakaniken farko ya ce sansan salansa ne, tunda shi ne ya kai ƙara, aka aika Kofar Ruwa a Kano aka sayo wani. Bayan kwana biyu wuta ta dawo. Aka canza fulogi, aka wanke nozul, daga baya har famfon mai aka canza, motar dai tana nan yadda take, albashin malam kuwa ya tafi. Daga ƙarshe muka kai ta wurin wani matashin bakanike da ke aiki a gindin dalbejiya a bakin hanya, wanda kayan bincikensa ba su wuce wata 'yar na'ura mai suna ELM327 da ke magana da wayarsa ba. Bai tsaya a kan lambar ba, sai ya buɗe shafin da ke nuna yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai, ya miƙa wa mai motar wayar.

"Malam, dubi nan. A silo tana ƙara mai fiye da kashi 20 cikin ɗari. Yanzu ka ɗan taka totur ka riƙe a 2,500."

Malam ya taka, adadin gyaran ya sauko ya kusa komawa sifili. Bakaniken ya sa yaronsa ya ɗauko guntun tiyo, ya kara baki ɗaya a kunnensa, yana zagaya ɗaya bakin a jikin injin kamar likita, har ya kai wani ƙaramin tiyon roba a gefen bututun iska inda ake jin wani siririn fito. Zafi ya busar da robar ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kuɗin tiyon bai kai kuɗin fulogi ɗaya ba.

Wannan gwaji ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke raba matsaloli masu kama da juna. A inji mai lafiya gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai ba ya cika wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Idan ya yi yawa a silo amma ya sauko da aka taka totur, to iska ce ke satar hanya bayan an riga an auna ta, domin a lokacin da ƙofar iska ta buɗe sosai 'yar tsagar ba ta da wani tasiri. Wuraren da ake dubawa su ne ƙananan tiyoyin da ke manne da bututun iska, da gaskit ɗin da ke tsakaninsa da kan inji, da babban tiyon da ke zuwa gangar da ke sauƙaƙa taka birki, wanda alamarsa ita ce silo ya canza duk lokacin da aka taka birki. Idan kuwa gyaran yana da kyau a silo amma yana ƙaruwa yayin da aka ƙara wuta ko ake hawan tudu da kaya, to zargi ya koma kan famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta toshe, ko sansan auna iska da ya yi datti. Wasu kanikawa suna fesa fetur a jikin injin don su ji inda juyinsa zai canza, kuma dabarar tana aiki, sai dai a kan inji mai zafi kusa da wayar fulogi wasa ne da gobara.

Ƙura ita ce abokiyar gabar ɓangaren iska a yankinmu. Motar da ke bin hanyar burji tsakanin ƙauyuka a lokacin hazo tana shaƙar abin da motar birni ba za ta shaƙa ba cikin watanni, kuma al'adar cire matatar iska a buga ta a jikin taya a mayar tana yaga takardar, har ƙura ta samu hanyar wucewa. Sansan auna iska, wanda ake kira iyafulo, siririyar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki, ƙwaƙwalwa tana gane yawan iska daga yadda iskar ke sanyaya ta. Idan ƙura ta lulluɓe wayar sai lissafin ya karkace. Ana wanke ta ne da ruwan feshi na musamman ba tare da an taɓa ta da tsumma ko buroshi ba. Ba kowace mota ke da shi ba, tsofaffin Honda da yawa suna auna ƙarfin zuƙar iska ne a maimakonsa. Haka kuma bakin injekta, inda ƙofar iska take, yana tara baƙin danƙo daga tururin baƙin mai da ƙura, har ya cike 'yar hanyar da silo ya dogara da ita. A motoci masu wayar totur akwai wani ɗan bawul a gefe da ke daidaita silo, shi ma yana cijewa da wannan danƙo, alamarsa kuma ita ce mota ta mutu idan an kunna esi, domin shi ne ya kamata ya ƙara iska a lokacin. A motocin da toturinsu na lantarki ne, bayan an wanke bakin injekta silo yakan yi sama, saboda ƙwaƙwalwa ta saba da dattin, sai an sake koya mata, wasu da kwamfuta, wasu kuma su daidaita da kansu bayan 'yar tafiya. Abin da bai kamata ba shi ne murɗa sukurun da ke tare ƙofar iska, wanda kamfani ya saita, don a tilasta wa silo hawa.

Akwai wata matsala da mu muke jawo wa kanmu. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su ta Kwatano, aikin farko da ake yi musu shi ne cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Hujjar ita ce wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Amma injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, ko a Jamus yake ko a Ringim, kuma tamostat mai lafiya ba ya sa mota zafi, domin idan ta kai wannan mataki buɗewa yake yi. Idan aka cire shi, musamman da dare ko a lokacin sanyi, ruwan ba ya kai zafin da ake so, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara mai tana ɗaga silo. Sakamakon shi ne fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, mota ta riƙa shan mai, sau da yawa kuma lambar P0128 ta bayyana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan shan man ba ƙaramar asara ba ce ga direban da ke lissafin kowace lita. Motar da ke zafi da tamostat a jikinta, a duba lagireto da ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko tamostat ɗin kansa idan ya cije a rufe, sai a canza shi da sabo.

Misin ya fi sauƙin bin sawu, domin lambar takan faɗi silindar: P0301 ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Idan kowace silinda tana da nata kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, sai a ɗauki na wadda ake zargi a musanya shi da na maƙwabciyarta, a share lambar, a tayar da mota. Idan misin ya bi kwayil zuwa sabon wurinsa, an kama ɓarawo ba tare da an kashe ko kwabo ba. Idan ya tsaya inda yake, sai a yi wa fulogi irin wannan musanya, sannan nozul. A duba ramin fulogin ma, domin baƙin mai da ke yoyo daga gaskit ɗin murfin inji, ko ruwan da aka watsa wajen wankin mota, yakan taru a ciki ya sace wutar. Idan duk an musanya amma misin bai motsa ba, to abin yana cikin injin kansa, bawul da ya ƙone ko ringi da ya gaji, kuma gwajin matsin silinda ne zai tabbatar. Motar da ke misin da safe na 'yan daƙiƙu, tana kuma rage ruwan lagireto ba tare da an ga yoyo ba, a yi zargin gaskit ɗin kan inji tun kafin ya ƙarasa.

Shi ma man yana da nasa laifin. A ƙauyen da ba gidan mai, dole a saya wurin 'yan bumburutu, kuma man da ya kwana a jarka a lokacin damina ba ya rasa ruwa ko datti. Ko na gidan mai ba kullum yake tsira ba, domin a watan Fabrairun 2022 an shigo ƙasar nan da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, har aka janye shi daga kasuwa. Tambaya ta farko da ya kamata bakanike ya yi ita ce ko matsalar ta fara ne bayan an sha mai a wani sabon wuri. Direbobin da ke girgiza mota a gidan mai don tanki ya cika har wuya kuma suna tura fetur cikin hanyar da aka yi domin tururi kawai, abin da ke lalata ɗan bawul ɗin da ke kan hanyar, sai mota ta riƙa wuyar tashi da rawa a silo duk lokacin da aka gama shan mai.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota na kashe, idan tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Kan batir da ya yi sako-sako ko wayar da ke haɗa inji da jikin mota idan ta yi tsatsa suna iya haifar da tarin lambobi marasa alaƙa da juna. Idan kuma sitiyari yana karkarwa a silo amma allura tana zaune daram, wuta ba ta kama ba, kuma karkarwar tana raguwa idan an cire giya, to robobin da injin ke zaune a kansu ne suka mutu, injin lafiyarsa ƙalau.

Game da kashe wutar, cire kan batir yana iya share lambar, amma yana tafiya da shaidar da bakanike zai yi aiki da ita, domin tare da lambar ƙwaƙwalwa tana ajiye halin da injin yake ciki a lokacin da abin ya faru, wato zafinsa da juyinsa da gudun motar. Matsaloli da yawa kuma sai ƙwaƙwalwa ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wuta, shi ya sa mai mota yakan bar gareji yana murna, jibi ta dawo. Idan an yi gyaran gaskiya, ko ba a share ba tana mutuwa da kanta bayan tafiya uku da ba a ga matsalar ba. Motar da aka fasa wa indomi aka sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam, takan riƙa nuna P0420 har abada, kuma illar ba ta tsaya a hayaƙi ba: tunda wuta ɗaya ce tak ga dukkan matsaloli, idan ta zauna kunne saboda indomi, ranar da kwayil ko sansan zafi ya fara lalacewa babu sabon abin da direba zai gani.

Wannan ne ma ya sa wanda zai sayi mota ta hannu ya kamata ya fara da murɗa makulli zuwa matakin da fitilun gaban direba ke kamawa, ba tare da ya tayar da injin ba. Wutar cek dole ta kasance cikin waɗanda suka kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Idan ba ta fito ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi ta ciki. Wasu masu wayarin sun fi haka dabara, sukan haɗa ta da wutar baƙin mai ko ta batir don su kama tare su mutu tare, kuma wannan ba a gane shi da ido, sai an jona kwamfuta an ga ko ƙwaƙwalwa na cewa wutar a kunne take alhali gaban direba duhu ne. Kwamfutar tana kuma nuna ko ƙwaƙwalwa ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta. Idan yawancinsu suna nuna ba a kammala ba, to ba a daɗe da share lambobin ba, sai a nemi mai motar ya yarda a yi tafiya mai ɗan nisa da ita, ta ɗau zafi sosai, a kashe, a sake tayarwa, a sake jona kwamfutar kafin a fara maganar ciniki.